Faifai Mai Jan Ɗigo

Litinin, 3 ga Maris

Baban su: gwiwar hagu tana nan yadda take, ya ƙi shafa maganin wai yana wari. Injiniya, babban ɗana: lafiya, sai 'yar rama, wai aiki ne. Matarsa lafiya. Ni: jinina ya ɗan hau da safe, na sha ƙwaya ya sauka. Auta, da take can nesa wajen aikin mijinta: ta ce lafiya lau. Ita kullum lafiya lau.

Malamarmu ta ajin manya ta ce kowa ta sami littafi ta riƙa rubuta abin da ya faru a yininta, ko layi ɗaya ne, don hannu ya saba. Na ce Malama, me zai faru da ni, daga kicin sai gaban talabijin? Ta ce to rubuta talabijin ɗin. Matan aji suka yi ta dariya, sun san ni da kallo. Shekarata hamsin da shida, shekara biyu ke nan da fara karatuna.

To ga talabijin ɗin. Ina son fim ɗin da ake cin abinci a cikinsa, iyali a zaune ana gardamar gishiri. Ina son tsohuwa mai baki. Ina son ɗan da ya ɓace a gano shi, amma da wuri, kada a ja mini rai. Ba na son tari. Duk wanda ya yi tari a fim ba ya kai ƙarshe, na daɗe da lura da wannan.

Laraba, 5 ga Maris

Mai Ɗinki, maƙwabciyata da muke raba katanga, ta shigo bayan la'asar da sabon fim. Na ce wa ya duba shi? Ta ce, "Haba Maman Auta, fim ne fa, ba miya ba. Sai an ɗanɗana miki?"

Muka fara. Farkon da daɗi, akwai wani direba mai rowa da ya tuna mini Baban su lokacin yana tuƙi. Can sai ga doguwar baranda fara, ga likita ya fito ya cire tabarau. Na san wannan cire tabarau ɗin. Na miƙe na ce bari in duba tukunya. Babu komai a kan wuta. Na tsaya ina goge murhun da na riga na goge.

Tana ta ƙwala mini kira, "Fito, bai mutu ba!" Ya mutu. Na ji kiɗan daga kicin, wannan siririn kiɗan da suke sa wa mutuwa.

Sauran abin da ba na so: waya ta yi ƙara ana cikin dariya. Tashar jirgi. Mace ta tashi daga barci da kwalliyarta tsaf. Talakan da kicin ɗinsa ya fi nawa tsabta. Uwar da ake gaya wa labari ta zube ƙasa a sume, a bar mai ciwon a koma yi mata fifita. Ita na fi tsana.

Alhamis, 6 ga Maris

Saƙon Auta: Mama ina kwana, muna lafiya lau, ki sha maganinki. Na karanta da kaina sau uku. Na rubuta mata amsa, ta ci mini rabin awa.

Asabar, 8 ga Maris

Injiniya ya zo ya gyara mini tsohuwar na'urar faifai. Firji yake gyarawa a shagonsa, amma a gidan nan duk abin da ke da waya nasa ne. Yana buɗe ta yana mita, wai Mama wa ke kallon faifai yanzu, komai yana cikin waya. Na ce nawa ba sa cikin waya.

Nawa suna cikin gwangwanin biskit a ƙarƙashin tebur. Guda arba'in da ɗaya. Tun Auta tana sakandare muka kafa doka a gidan nan: ba na kallon fim sai ta riga ni. In ƙarshensa lafiya ne, sai ta ɗiga masa jan farce a tsakiya, ɗigo ɗaya. In babu ɗigo, ba nawa ba ne, yana ƙasan gwangwani ɗaure da roba. Na wata ƙasa da ba ma jin yarensu, akwai fassara a rubuce a ƙasan hoto, ita ke karanta mini. Takan zauna a ƙasa ta jingina da ƙafata, tana yin muryar kowa, har ta tsoho marar haƙori. Ina tsefe mata kai tana karantawa. Ban taɓa jin daɗin kallo kamar na shekarun nan ba.

Tun da ta tafi, shekara huɗu, sai dai in sa su in kalli hoto. Ai na haddace maganar.

Wayar Injiniya ta yi ƙara yana riƙe da sukundireba. Ya duba, ya fita tsakar gida, ya wuce har ƙofar waje. Da ya dawo ya ce mai firji ne. Mai firji ake fita waje dominsa?

Lahadi, 9 ga Maris

Auta ta kira, murya kawai. Na ce kunna hoton in gan ki. Wai kyamarar wayar ta lalace. Sati na biyar ke nan. Na ce mijinki ba shi da waya? Ta yi dariya ta ce Mama ke dai kina son ganin ko na yi ƙiba. Na ji 'yarta tana waƙa a bayanta. Muryar Auta kamar ta mai magana a kwance. Wataƙila ta gaji ne. Azahar ce, kowa yana kwanciya da azahar.

Talata, 11 ga Maris

Malama ta ce karatuna yana da kyau amma ina tsoron dogon layi. Ta ce ku karanta duk abin da ido ya gani, kwalin sabulu, allon shago, komai. Ina hanyar gida sai gwangwanina ya faɗo mini a rai.

Na ɗauko wanda na fi so. Ban san sunansa ba, rubutunsu ne a jiki. Ni ina ce masa na mai kwandon lemo. Wata tsohuwa ce mai sayar da lemo a bakin tasha, 'yarta ɗaya, ta tafi birni aikin masaƙa. A ƙarshe wasiƙa ta zo, malamin makaranta ya karanta wa tsohuwar cewa yarinya tana nan tafe, tsohuwa ta yi kukan murna ta raba wa mutanen tasha lemonta kyauta. Na kalle shi ya fi sau ashirin. Ɗigon jan farcen yana nan, ya ɗan ɓare a gefe.

Rubutun yana gudu, kafin in haɗa kalma biyu ya ɓace. Sai na tuna maɓallin da ke tsayar da hoto. In tsayar, in matsa kusa, in sa yatsa a gilashi in bi. In saki, in sake tsayarwa. Awa biyu na yi, ban wuce minti ashirin na fim ɗin ba.

Na yi dariya yau har Baban su ya leƙo. Ashe tsohuwar nan ashariya take yi! Wurin da Auta ke cewa, "Allah ya shirye ka, yaro," abin da aka rubuta ba zan iya kwafarsa a littafin makaranta ba. Wurin da wani saurayi ya tare yarinyar a bakin famfo, Auta takan ce tambayarta yake ina hanyar kasuwa. Ba kasuwa yake tambaya ba. Ja'irar yarinya, kunyata take ji.

Baban su ya ce, "'Yar makaranta, yau kuma talabijin kike wa tsikari da yatsa?" Na ce karatu nake. Ya ce Allah ya ba da sa'a, ya koma wajen rediyonsa.

Laraba, 12 ga Maris

Babu wuta tun safe. Tsohuwa ta tsaya da lemo a hannu, tana jirana.

Alhamis, 13 ga Maris

An kawo wuta. Na ci gaba.

Akwai wurin da yarinyar take gaban injin saƙa ta yi tari. Na tuna ranar farko da muka kalla na zabura, Auta ta dafa gwiwata ta ce, "Ƙurar auduga ce, Mama, zauna, yana da ɗigo." Daga nan yarinya ta je wurin wani mutum mai farar riga. Auta ta ce shugaban masaƙa ne, yana gaya mata an ƙara mata matsayi, shi ya sa ta rufe baki da hannu.

Na tsayar da hoton. Na bi da yatsa. An rubuta: Kin makara da zuwa. Ya riga ya ci huhun.

Na sake bi. Na ce ko ni ce ban iya ba. Na ɗauko littafin aji na duba hu da hu. Huhu ne.

Layi na gaba yarinyar ce: Kada a gaya wa uwata. Ba za ta iya ɗauka ba.

Na kashe. Na mai da faifan gidansa. Shinkafa ta kama a tukunya, Baban su ya ci bai lura ba, shi da yake gane ƙauri tun daga ƙofar gida.

Juma'a, 14 ga Maris

Ban kunna komai ba. Jini ya hau. Na sha ƙwaya na kwanta.

Wai me ya dame ni? Fim ne. Mutanen ma sun karɓi ladansu sun tafi gida tun shekaru.

Lahadi, 16 ga Maris

Na gama shi.

Ban yi niyya ba. Na ce bari in ga wurin bikin ƙawarta kawai, akwai rawa mai kyau a wurin. Biki ya wuce ban tashi ba. Na ji ƙafata tana son zuwa kicin, na ce mata babu komai a wuta.

Wasiƙar ta zo. Malamin makaranta ya buɗe, tsohuwa tana tsaye da kwandonta. Ina jin muryar Auta a kunnena yadda take karantawa: Uwata, na sami hutu, ina nan tafe kafin lemo ya ƙare, ki ajiye mini masu zaƙi. Haka na sani shekara goma sha biyu.

Abin da aka rubuta na kwafe shi a nan, layi layi, don kada gobe in ce mafarki na yi:

Uwata, in wannan ta same ki, an riga an binne ni. Na hana su gaya miki. Na so in zo, na ji tsoron fuskarki. Ki yafe mini, na bar ki kina jiran jirgi.

Tsohuwar ta ce layi ɗaya tak. Da kin bar ni na riƙe miki hannu.

Sai ta raba lemon. Ba murna ba ce. Ta daina sana'ar ne, ba ta da wanda za ta jira a tasha. Sau ashirin ina kallon matar nan tana kukan mutuwar 'yarta ina tafa mata hannu. Na taɓa ce wa Mai Ɗinki, ki ga yadda murna ke sa mutum ya tsufa a fuska.

Ban suma ba. Na zauna har hoton ya koma shuɗi. Na tashi na kwashe shanya.

Litinin, 17 ga Maris

Ban je aji ba.

Ina ta tunanin dalilin da ya sa Auta ta ɗiga wa faifan nan jan. Ina jin tsohuwar ce. Ta san zan so ta, mai baki ce irin wadda nake so, ba ta so in rasa ta. Sai ta ba ni tsohuwar ta ɓoye mutuwar. Shekararta goma sha bakwai lokacin. Tana zaune jingine da ƙafata, idonta yana karanta an binne ni, bakinta yana cewa ina nan tafe, muryarta ko rawa ba ta yi ba. Na tuna ta ce mura take yi ranar.

Laifina ne, na sani. Shekarar ce babur ya buge Injiniya. Aka aiko, na ji kalmar asibiti kawai na faɗi a bakin ƙofa, kaina ya bugi dakali. Shi karaya ɗaya ya samu, kwana uku aka sallame shi. Ni na yi kwana tara a gado, ana yi mini ƙarin ruwa, yana zuwa duba ni da sanda. Tun daga nan likita ya ce a riƙa kiyaye abin da ake gaya mini. Uwar da nake tsana a fim, ai a madubi na fara ganinta.

Na buɗe wayata na bi saƙonnin Auta baya baya, na wata biyu. Muna lafiya lau. Lafiya lau Mama. Lafiya lau, ki sha maganinki. Duk da ɗigo.

Talata, 18 ga Maris



Baban su yana da kalanda a bango kusa da kujerarsa. Tun yana tuƙi yake rubutu a jikinta, ranar canjin mai, ranar sabunta takardu. Ya ajiye mota bai ajiye ɗabi'ar ba. Shekara talatin da takwas ina goge ƙura a jikin kalandarsa, rubutun nan a wurina kamar sawun kaza ne. Ba ya ɓoye ta. Bai taɓa buƙatar ɓoye ta ba. Takardar asibiti, wasiƙar makaranta, komai a gidan nan a buɗe ake barinsa a gabana, don an san ba na gani.

Sun manta. Suna tsokanata da 'yar makaranta amma sun manta.

Yau ina shara Baban su ya fita shan iska. Malama ta ce duk abin da ido ya gani. Na dubi kalandar. A gidan ranar 27, da ƙaramin rubutu da biro shuɗi: Tiyatar Auta, 8 na safe. A gidan 25: Inj. zai tafi. A ƙasa ya ja layi biyu: Ban da Mamansu.

Na bi da yatsa kamar a gilashi. Babu maɓallin da zan danna.

Na jingina da bango na ce yanzu zan faɗi. Na jira. Ban faɗi ba. Na ƙarasa sharar, har ƙarƙashin kujerarsa.

Tiyatar me? A ina a jikinta? Tun yaushe? Wa ke dafa wa 'yarta abinci?

Laraba, 19 ga Maris

Saura kwana takwas.

Yau gidana na kalla, ban kunna talabijin ba. Baban su bai iya wasan kwaikwayo ba ko kaɗan. Ya riƙe rediyo a kunne, batirin ya mutu tun jiya. Ya ce abincin ya yi daɗi tun bai kai loma baki ba. Injiniya ya biyo da yamma wai yana neman aron jakar tafiya ta babansa, wani abokinsa ne zai yi tafiya. Na ce wane aboki? Ya ce ba ki san shi ba. Na ɗauko masa, na goge ta, na ce a gai da abokin. Ya kasa kallon idona. Wannan yaron ko yana ƙarami in ya saci sukari kunnensa yake sosawa. Ya sosa.

Mai Ɗinki ta leƙo ta katanga, wai ta samo mini wani na barkwanci zalla, babu asibiti ko ɗaya, ta duba mini da kanta. Ita da ta ce fim ba miya ba ne. Tun yaushe ta fara ɗanɗana mini? Ita ma ta sani ke nan. Unguwa duka ta sani.

Akwai irin fim ɗin da kowa ya san abu sai uwa, tana yawo a cikin gida tana murmushi tana tambayar wa zai ƙara abinci. Kullum nakan ce wannan wace irin sakarya ce, ba ta da ido? Ban sa shi a jerin abin da ba na so ba ranar nan. Ga shi na sa.

Alhamis, 20 ga Maris

Bayan azahar na kai wa Baban su shayi. Na tsaya a gaban kalandar, na sa yatsa, na karanta da ƙarfi kamar a aji. Ti-ya-tar Au-ta. Takwas na safe.

Kofin ya tsaya masa a hanya. Ya dube ni, ya dubi bangon, ya ce, "Innalillahi. Ke kika karanta?"

Na ce a'a, aljani ne ya raɗa mini.

Ya ce in zauna. Ya ce ina ƙwayata. Ya fara laluben wayarsa zai kira Injiniya ya kawo abin awo. Na ce Malam, ajiye wayar nan, kwana biyu ke nan da na sani, ka ga na faɗi? Ka ci abincina jiya, ka ji gishiri ya yi yawa?

Ya ajiye wayar. Can ya ce wani ƙulli ne a wuya, a nan gefe, ya nuna da hannu. Wai ƙarami ne. Wai za a cire ne kawai a duba. Wai likitan ya ce ba abin damuwa ba ne. Na ce likitan ne ya ce, ko Auta ce ta ce likitan ya ce? Ya ce Auta ce. Ashe shi ma bai ga takarda ba. Shi ma karanta masa aka yi.

"Ita ta roƙe mu," in ji shi. "Ta ce in kika kwanta, da wanne za ta ji, da wuyanta ko da ke?"

Na ce shi ya sa ba ta kunna hoto.

Ya ce ƙullin ya fito ne, ana gani.

Ban san lokacin da na zauna a hannun kujerarsa ba. Tsohon nan ya yi kuka, ban taɓa gani ba tun rasuwar mahaifiyarsa. Ni ce na riƙe masa kofin. Ni. Na ce sha, zai huce.

Ya roƙe ni kada in kira ta, wai hankalinta zai tashi in ta san na sani. Na ce ba zan kira ba. Ban yi ƙarya ba. In na kira, muryar nan za ta yi mini, mai daɗin nan, ni kuma zan yarda don ina son in yarda.

Juma'a, 21 ga Maris

Na je aji don kada in zauna. Malama ta tambayi littafin, na ce ban rubuta abin kirki ba, talabijin ne kawai.

Mai Ɗinki ta kawo na barkwancin. Mun kalli rabi. Wani mutum yana ta faɗawa cikin kwata, ana ta buga ganga. Ba ta yi dariya ba, ni ma haka, tana satar kallona. Na ce mata kashe, Mai Ɗinki, na sani. Ta ce, "Wayyo, Maman Auta, wallahi cewa aka yi..." Na ce na san abin da aka ce. Ta tafi ta dawo da ɗankwali mai laushi, ta ce irin wanda ba ya gurzar wuya ne, in ba wa Injiniya ya kai. Na karɓa. Ban ce wa zai kai ba.

Tsoro yana nan. Ban ce ya tafi ba. Da asuba ya fi ƙarfi. Ina ganin doguwar barandar nan fara, ina ganin tabarau.

Asabar, 22 ga Maris

Baban su: gwiwa da sauƙi, yau ya shafa maganin da kansa. Injiniya: lafiya, an gaya masa, ya zo ya tsuguna yana sosa kunne. Matarsa lafiya. Ni: an auna, ya ɗan hau, ba sosai ba. Auta: ban sani ba. Yau ne karo na farko da na rubuta gaskiya a wannan layin.

Na cire robar da ke ɗaure da faifan ƙasan gwangwani. Goma sha uku ne marasa ɗigo. Robar ce ta tsufa, tana manne musu, shi ya sa. Na sa ɗaya don in ga ko yana aiki. Yana aiki. Akwai tari a ciki. Mutumin ya mutu, matarsa tana gefensa tana ba shi ruwa da cokali. Ban ce na so shi ba. Ba na son irinsu har gobe. Amma matar ba ta tafi duba tukunya ba.

Na sauko da jakata daga kan kabad. Iska kawai nake so ta sha, ta daɗe a rufe. Ɗankwalin Mai Ɗinki na sa a ciki don kada ya yi ƙura. Da ƙwayoyina na sati biyu, wuri ne mai kyau na ajiya.

Na rubuta wa Auta a takarda da biro, sau uku ina yagewa. Matar Injiniya ta ɗauki hotonta da wayata ta tura. Ga abin da na ce, na kwafe don in tuna ban yi kuka a ciki ba:

Auta. Ni ce na rubuta, babu wanda ya taya ni. Na kalli na mai kwandon lemo har ƙarshe, na karanta wasiƙar da kaina. Ban yi fushi ba. Kin iya karatu, Allah ya yi miki albarka. Na kuma karanta kalandar Babanki. Ina tsaye da ƙafata, ki tambaye shi.

Abu biyu nake so. Ki ɗauki hoton takardar likita ki turo mini, duka, gaba da baya. Kada ki karanta mini, kada ki sa kowa ya karanta mini. Ina da jinkiri amma ina kaiwa ƙarshen layi. Inda ya fi ƙarfina zan kai wa Malama, ita ba ta san tausayina ba.

Na biyu, Yayanki zai taso ranar Talata, motar tana da kujera fiye da ɗaya. Ba zan zo in faɗi a ƙofar asibiti ba. In na ji jiri zan zauna. Ina so in riƙe miki hannu kafin takwas na safe, in tsefe wa 'yarki kai kafin ki fito.

Ki ba ni amsa kafin Litinin da azahar, don Yayanki ya san kujera nawa zai kama. Kada ki rubuta lafiya lau. Na iya karanta sauran kalmomin.

An tura tun ƙarfe huɗu. Matar Injiniya ta ce alamar ta nuna an buɗe. Wayar tana kan cinyata. Akwai tukunya a wuta, da gaske wannan karon, na ce Baban su ya duba.